Anthony Joshua zakara ne na gaske, ko talla ce kawai ta ɗaga shi?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ya ce shi dai ya gaji da musun da ake tafkawa a majalisarsu kullum bayan isha'i: wai Anthony Joshua ɗan damben ƙwarai ne, ko kuwa Turawa ne suka hura shi da talla kamar balan-balan, tunda ga Ruiz ya tumurmusa shi, Usyk ya ci shi har sau biyu, sannan Dubois ya shimfiɗe shi a gaban jama'a. Ya ce a faɗa masa gaskiya, ban da son kai don mutumin ɗan asalin Najeriya ne.

To malam, ni na ɗan taɓa damben zamani da ƙuruciya, da jiki ya fara ƙin yarda na koma horar da yara, kuma babu wasan kambun ajin masu nauyi na Joshua da ban kalla ba, wasu ma sau uku sau huɗu ina mayar da bidiyo baya ina tsayarwa. Abin da zan ce maka shi ne zakara ne na gaske, wannan babu tantama, amma akwai wani rami guda ɗaya da yake faɗawa, kuma ramin nan tun 2017 yake nan, bai taɓa cike shi ba. In ka gane ramin ka gane Joshua gaba ɗaya. Sai dai kafin mu je can bari mu fara daga tushe, don yawancin masu musun nan ba su san cewa mutumin ya makara wajen shiga sana'ar ba.

An haife shi a Watford, arewa da Landan, ranar 15 ga Oktoba 1989, danginsa 'yan asalin Sagamu ne a jihar Ogun, har ya ɗan yi makarantar kwana a Najeriya yana yaro kafin a mayar da shi Ingila. Bai sa safar dambe ba sai da ya kai shekara 18, a 2007, wani ɗan'uwansa ne ya ja shi zuwa kulob ɗin Finchley. Shekara 18 fa! Ni yaron da aka kawo min yana da 18 bai taɓa dambe ba, gaskiya sai dai in ce masa ya zo ya motsa jiki, domin a wannan shekarun sa'o'insa sun yi wasa hamsin ko ɗari, jikinsu ya riga ya haddace kaucewa ba sai sun yi tunani ba. Kuma ba wai yaron kirki ne zaune a gida ba a lokacin, ya yi zaman wakafi a gidan yarin Reading a 2009, a 2011 kuma 'yan sanda suka kama shi da wiwi a mota, aka dakatar da shi daga tawagar Birtaniya, kotu ta ɗora masa aikin gayya na awa 100. Shi da kansa yana faɗa ba ya ɓoyewa. Amma a wannan shekarar dai ta 2011 ya je gasar duniya a Baku ya ciyo azurfa, da maki ɗaya tal aka doke shi a wasan ƙarshe, shekara ta zagayo ya ci zinare a Olamfik ɗin Landan ta 2012. Daga ranar da ya fara koyon tsayuwa zuwa zinaren Olamfik shekara biyar. Duk wanda ya ce maka talla ce, ka tambaye shi wace talla ce take tsayawa a gaban ɗan Kuba ta karɓi naushi.

Ko da yake, tunda ka ce ban da son kai, wasansa na farko a Olamfik ɗin da Erislandy Savon na Kuba, wanda aka ba shi 17 da 16, ni dai a idona Savon ne ya ci. Na ƙarshen ma da Roberto Cammarelle na Italiya 18 da 18 aka tashi sai da aka koma lissafin alƙalai aka ba shi, Italiyawa suka ɗaukaka ƙara ba a saurare su ba. Gida gida ne.

Ya koma damben kuɗi a Oktoban 2013 ƙarƙashin Eddie Hearn na kamfanin Matchroom, kuma a nan ne masu cewa talla suke da ɗan abin kamawa, domin Hearn ɗan kasuwa ne na bugawa a jarida, ya san yadda ake sayar da tikiti. Aka riƙa kawo masa mutane yana kwantar da su turmi ɗaya turmi biyu. Haka ake gina kowane ɗan dambe dama, ba shi kaɗai ba. Wasan da ya fara nuna wani abu shi ne na Dillian Whyte a Disambar 2015, su biyun akwai tsohuwar gaba don Whyte ya taɓa doke shi tun suna 'yan koyo a 2009. A turmi na biyu Whyte ya sakar masa hagu, ƙafafun Joshua suka yi rawa, ya dai daure ya farfaɗo ya gama da shi a turmi na bakwai. Riƙe wannan a ranka.

Yanzu maganar kambu, don nan ne mutane suke ruɗewa. Ba kambu ɗaya ba ne a duniya, manyan hukumomi huɗu ne kowacce da nata bel: WBA, WBC, IBF da WBO. Kowacce tana da jerin nata na masu jiran gado, kuma tana iya tilasta wa zakara ya kara da wanda ta zaɓa, in ya ƙi ta ƙwace abinta ba tare da an taɓa shi ko da yatsa ba. Haka ta faru a ƙarshen 2015, Tyson Fury ya je har Jamus ya doke Wladimir Klitschko wanda ya shafe kusan shekara goma yana mulki, ko sati biyu ba a yi ba IBF ta karɓe nata saboda Fury yana da yarjejeniyar sake karawa da Klitschko. Aka sa Charles Martin da Glazkov su nemi kambun, gwiwar Glazkov ta goce a turmi na uku, Martin ya zama zakaran duniya kamar wanda ya tsinci dami a kala. Hearn ya hango garaɓasa, ya zuba wa Martin kuɗi ya zo Landan, ranar 9 ga Afrilu 2016 Joshua ya kwantar da shi a turmi na biyu. Wasansa na 16 ke nan. To wannan kambun na farko kam, in wani ya ce maka a ɓagas ya same shi, kar ka yi musu da shi, gaskiyarsa.

Abin da ba na ɓagas ba shi ne daren 29 ga Afrilu 2017 a Wembley, gaban mutum 90,000, shi da Klitschko. Masu rage masa daraja suna cewa ai tsoho ya doka, eh Klitschko yana da shekara 41 kuma ya yi wata 17 bai hau ba, amma je ka kalli wasan, Klitschkon da ya zo ranar ya fi wanda ya tsaya kamar gunki a gaban Fury kyau nesa ba kusa ba, yana tsalle a kan yatsun ƙafa kamar saurayi. Farkon turmi na biyar Joshua ya fito da wuta ya kai shi ƙasa, ya ɗaga hannuwa sama yana murna kamar an gama, Klitschko ya tashi, Joshua ya bi shi da ruwan naushi yana son ya ƙarasa, ya zubar da duk man da ke tankinsa, kafin turmin ya ƙare shi ne yake haki baki buɗe yana jingina da igiya, tsohon yana jibgarsa. Turmi na shida Klitschko ya auna shi da dama guda ɗaya miƙaƙƙiya, Joshua ya zube, karo na farko a damben kuɗi. Wallahi a lokacin na ce shi ke nan. Amma Klitschko mutum ne mai taka-tsantsan fiye da kima, maimakon ya afka masa sai ya tsaya yana lissafi, yana ganin yaron ya riga ya ƙare, Joshua ya yi ta laɓe-laɓe turmi na bakwai da na takwas yana tara numfashi, zuwa na goma ya dawo hayyacinsa, a na sha ɗaya ya ɗauko wani naushi daga ƙasa ya daki haɓar Klitschko, wuyan mutumin ya miƙe kamar na zakaran da aka shaƙe, ya kai shi ƙasa sau biyu, rafali ya shiga tsakani. Wanda ba shi da zuciya ba ya tashi daga irin faɗuwar turmi na shida ɗin nan ya zo ya ci wasa. Wannan dare shi kaɗai ya isa amsa tambayarka ta farko.

Amma ka lura da yadda abin ya faru: ya ji wa mutum ciwo, ya ruga ya ƙarasa shi, sai shi ya shiga uku. Ramin da nake faɗa maka ke nan. Mu a wajen horo abin da muke nanata wa yara shi ne babu lokacin da ya fi haɗari kamar daƙiƙa goman da ke biyo bayan ka girgiza abokin karawarka, domin a lokacin kai ka manta da tsaro, hannunka ba ya komawa haɓa, ƙafafunka sun jeru wuri ɗaya, shi kuma wanda ya ji jiki ba shi da abin da ya rage sai ya rufe ido ya wurgo duk abin da ke hannunsa. Akwai wani yaro da na horar, dogo mai ƙarfi, duk ranar da ya ga abokin atisayensa ya yi tangal-tangal sai ya saki baki ya shiga da gudu, na gaji da magana na ɗauko ƙwallon tenis na maƙala masa a ƙarƙashin haɓa na ce in ta faɗi zagaye goma na fili. Sati uku yana gudu kafin jikinsa ya koya. Irin wannan abu da ƙuruciya ake dasa shi, kuma a ganina nan ne makarar Joshua take fitowa, duk abin da ake koya da natsuwa ya koya ya iya, amma in wuta ta kama, jiki yana komawa ga abin da ya saba tun yana yaro ne, shi kuma lokacin da yake yaro ƙwallo yake bugawa da tsere.

Bayan Klitschko ya ci Carlos Takam haifaffen Kamaru a Cardiff, sannan Joseph Parker na New Zealand a Maris 2018 inda ya ƙara da WBO, kuma ranar ce aka fara kai shi turmi 12 bayan wasa 20 duk bugun kwaf ɗaya. Sai Alexander Povetkin na Rasha a Satumba, turmi na bakwai. Bel uku cikin huɗu suna hannunsa, IBF da WBO da kuma WBA da ya ci a daren Klitschko. Na huɗun, WBC, yana wajen Deontay Wilder na Amurka, aka yi ta ja-in-ja a 2018 kan kuɗi da inda za a yi, kowane ɓangare yana cewa ɗayan ne ya gudu, har yau ba su haɗu ba. Ni ba na ɗora wa mutum ɗaya laifin nan, kowa ya so ya ci kaso mafi tsoka ne.

Sai New York, 1 ga Yuni 2019, Madison Square Garden, wasansa na farko a Amurka. Asali da Jarrell Miller zai kara, gwaji ya nuna Miller ya sha ƙwayoyin ƙara kuzari, aka nemo Andy Ruiz saura kamar sati biyar. Ba zan manta daren ba don a goman ƙarshe na azumi ne, wajen ƙarfe huɗu na asuba agogonmu, muna zaune a gidan kallon unguwa kowa da ledar sahur ɗinsa, janareta yana ta ƙara. Da Ruiz ya tuɓe riga gidan kallon ya fashe da dariya, wani daga baya ya ce wannan ai mai sayar da tsire ne aka ɗauko, ga tumbi yana lilo, gajere a gaban Joshua mai tsayin kusan mita biyu jiki kamar an sassaƙa. Ni ban yi dariya sosai ba don na ga wasansa da Parker a 2016 wanda da ƙyar aka ba Parker, na san hannunsa yana da sauri kamar na ɗan ƙaramin aji, amma ƙarya nake in na ce na zaci zai ci. Turmi na uku Joshua ya kai shi ƙasa, gidan kallo ya ɗauki ihu, wasu har sun fara miƙewa za su tafi masallaci. Ruiz ya tashi idonsa garau. Joshua ya shiga ya ƙarasa, ya tsaya daf da shi suna musayar naushi, wanda shi ne abu ɗaya da bai kamata dogo ya yi da gajere mai saurin hannu ba, sai Ruiz ya lanƙwaso hagu ta sauka a saman kunnensa. Naushin wajen nan ba irin na haɓa ba ne da yake kashe wuta gaba ɗaya, shi ma'aunin tsayuwa yake lalatawa, mutum yana gani yana ji amma ƙafafu ba nasa ba ne, kuma yana daɗewa bai sake ba. Ya faɗi sau biyu a turmin, ya ƙara faɗuwa sau biyu a na bakwai, ya tofar da robar baki ya koma kwana ya ɗora hannuwa a kan igiya, rafali ya duba shi ya ce ya isa. Gidan kallo ya yi tsit, sai ƙarar janareta. Mutumin da ke kusa da ni ko buɗe ledar sahur ɗinsa bai yi ba har aka kira salla.

Da a damben gargajiya ne irin namu, inda da zarar mutum ya taɓa ƙasa an yi kisa an tashi, da Joshua ya ci Klitschko a turmi na biyar ya ci Ruiz a na uku, babu mai wannan musun. Damben zamani kuwa ana ƙirga wa mutum ya tashi, kuma abin da kake yi bayan ya tashi shi ne rabin sana'ar.

Wata shida bayan nan, 7 ga Disamba 2019, aka sake haɗuwa a Diriyya ta Saudiyya. Joshua ya rage nauyi daga kilo 112 zuwa wajen 107, Ruiz kuwa daɗin duniya ya ɗauke shi, ya zo da kilo 128, shi da bakinsa ya ce bai yi atisaye yadda ya kamata ba. Joshua ya yi turmi 12 yana zagaye yana tsikarinsa da hagu daga nesa, in Ruiz ya matso ya rungume shi, alƙalai biyu suka ba shi 118 da 110, ɗaya 119 da 109. Ya karɓo bel ɗinsa, ya zama zakara karo na biyu, a watan da ya biyo baya ne ma ya kai su gaban Buhari a Landan ya kwanta ƙasa irin gaisuwar Yarabawa. Mutane da yawa sun ce wasan ba daɗi, ni kuwa na yaba, domin a dawo a gyara kuskure cikin wata shida ba ƙaramin abu ba ne. Sai dai wani abu ya canza a cikinsa daga ranar. Ya zama mutum biyu a jiki ɗaya, akwai tsohon Joshua mai farauta, akwai sabon mai tsoron abin da zai dawo masa in ya saki hannu, kuma sau da yawa kana kallonsa za ka ga su biyun suna gardama a tsakiyar turmi. Ko a wasan Kubrat Pulev na Disambar 2020 da ya ci a turmi na tara, ya girgiza mutumin tun a na uku, sannan ya ja baya ya yi ta jira.

A 2021 saura ƙiris a yi wanda duniya take jira, shi da Fury wanda ya riga ya ƙwace WBC daga Wilder, har an tsayar da Agusta a Saudiyya, sai mai sasanci a Amurka ya yanke cewa dole Fury ya ba Wilder karo na uku. WBO kuma ta ce to ga Oleksandr Usyk na Yukren yana jira. A nan zan kare Joshua da ƙarfina: yana iya ajiye bel ɗin WBO ya kauce wa Usyk ya jira kuɗin Fury, zakaru da yawa haka suke yi, bai yi ba. Usyk kuwa bahago ne, shi ma zinaren Olamfik ɗin 2012 gare shi a ajin da ke ƙasa da na Joshua, ya yi wasa sama da 300 tun kafin ya shiga damben kuɗi, ya haɗe bel huɗu na ajin da ke ƙasa a 2018. Wato duk abin da Joshua ya rasa na ƙuruciya shi wannan yana da shi har ya yi yawa. Ranar 25 ga Satumba 2021 a filin Tottenham, Joshua ya yi abin da har yau nake mamaki, ya ce zai gwada wayo da Usyk. Kai da ka fi mutum tsayi da nauyi da ƙarfi, maimakon ka danne shi ka jingina masa nauyinka ka daki ciki da haƙarƙari har ƙafafun nan masu rawa su mutu, sai ka tsaya tsakiyar fili kuna wasan dara. Usyk ya yi ta sa ƙafarsa ta dama a wajen ƙafar hagun Joshua, wanda shi ne sirrin bahago, yana shigo da hagu ta tsakiya, kansa ba ya tsayawa wuri ɗaya. A daƙiƙun ƙarshe na turmi na 12 ƙararrawa ce ta ceci Joshua a jikin igiya. Duka alƙalai uku suka ba Usyk.

Ya rabu da kocinsa Rob McCracken da suka daɗe tare, ya ɗauko Robert Garcia, aka sake a Jidda ranar 20 ga Agusta 2022. Ya fi kyau sosai, a turmi na tara ya kama Usyk da naushin ciki ya bi shi da gudu, na miƙe tsaye a ɗaki, na ce yau ga tsohon Joshua. Turmi na goma Usyk ya fito kamar ba shi aka daka ba ya mayar masa da ninki, Joshua kuma man ya ƙare. Ka ga dai, ramin nan ne ta wata fuskar. Alƙali ɗaya ya ba Joshua, biyu suka ba Usyk, kuma gaskiya Usyk ne ya ci. Abin da ya biyo baya, ya ɗauki bel biyu ya jefar waje, ya fita ya dawo ya karɓe makirfo yana ta zuba magana ba kan gado, daga baya a gaban 'yan jarida ya fashe da kuka, wannan ba na ɗaukarsa rashin tarbiyya kamar yadda wasu suka yi ta faɗa, mutum ne da ya ba da duk abin da yake da shi ya ga bai isa ba, kuma ya sha naushi turmi 12 a ka. Laifin na mutanensa ne da suka bar shi da makirfo. Kuma kar ka manta Usyk ɗin nan shi ne ya zo ya doke Fury a Riyad a Mayun 2024 ya haɗe bel huɗu ya zama zakara tilo, matsayin da ba a gani ba a ajin masu nauyi tun da Lennox Lewis ya kai shi a 1999, ya kuma sake doke Fury a Disamba. Faɗuwa a hannun Usyk ba abin kunya ba ne, kowa ya faɗi.

Daga nan ya shiga sauya koci kamar riga, Derrick James, sannan Ben Davison, wanda ni a wajena alama ce ta mai neman wani ya faɗa masa wane ne shi. Ya ci Jermaine Franklin da maki ba armashi, ya kwantar da Robert Helenius, ya yi wa Otto Wallin dukan da masu horar da shi suka hana shi fitowa bayan turmi na biyar, a daren ne ma Parker ya doke Wilder ya rusa shirin haɗa su. Sai Francis Ngannou na Kamaru a Maris 2024, wanda 'yan watanni kafin nan ya kai Fury ƙasa har mutane suka ce shi ya ci. Joshua ya kashe masa wuta a turmi na biyu da wata dama da ban so a maimaita nuna ta ba. Kowa ya ce ya dawo. Ni ma na ce, ban ɓoye ba, ko da yake Ngannou wasansa na biyu ke nan a damben zamani.

Ranar 21 ga Satumba 2024, Wembley, an sanar da mutum 96,000, kambun IBF da Usyk ya ajiye aka ba Daniel Dubois. Dubois yaro ne da aka yi ta yi wa gorin ba shi da zuciya tun da ya durƙusa a wasan Joe Joyce a 2020 da ƙashin idonsa a karye, amma ya zo ranar bayan ya doke Miller da Filip Hrgovic a jere, yana jin kansa. Joshua ya fito hannun hagunsa a ƙasa, haɓa a sama, yana ja da baya a miƙe, ƙarshen turmi na farko Dubois ya ɗora masa dama ta sama ya zube, kuma daga nan bai ƙara dawowa daidai ba, ya sake faɗuwa a na uku da na huɗu. Sai turmi na biyar, ya samu dama mai kyau ta shiga, Dubois ya ja baya ƙafarsa ta ɗan yi sanyi, filin ya ɗauki ihu, ga dama ta farfaɗowa irin ta daren Klitschko. Me zai yi? Ya ruga. Ya ƙara dama, sannan ya saukar da hannun zai ɗauko naushin ƙasa daga nesa, wanda ko yaron wata shida a wajen horo na hana shi, domin kafin hannun ya taso fuskarka a buɗe take, Dubois ya riga shi da gajeriyar dama, ya kife. Na mayar da wurin nan baya ya fi sau goma, kuma abin da nake gani kullum shi ne turmi na uku na New York.

To in ka koma majalisa, ga abin da za ka ajiye musu. Zuwa daren Dubois wasa 32 ya yi, ya ci 28, 25 daga ciki bugun kwaf ɗaya, ya faɗi huɗu. Ya riƙe bel uku cikin huɗu har sau biyu, bai taɓa riƙe WBC ba, wanda Samuel Peter ɗan Akwa Ibom ya taɓa riƙewa a 2008, don haka masu cewa Joshua ne ɗan Najeriya na farko da ya ci kambun masu nauyi su gyara, balle ma shi tutar Birtaniya yake ɗagawa duk da taswirar Afirka da ke zane a kafaɗarsa. Jerin mutanen da ya doka, Klitschko, Parker, Povetkin, Whyte, Ruiz, Pulev, ya fi na Wilder nauyi ba a ma haɗawa, kuma za a iya jayayya a kan ko ya fi na Fury yawa, ko da yake Fury yana da manyan dare biyu da Joshua ba shi da irinsu, Jamus da kuma karo na biyu da Wilder. A zamaninsa ni ina sa Usyk a gaba, Fury na biye, Joshua na uku. In kuma aka ce a haɗa shi da Lennox Lewis a matsayin gwanin Birtaniya, a'a, Lewis ma an kwantar da shi sau biyu, Oliver McCall a 1994 da Hasim Rahman a 2001, amma ya dawo ya doke su duka biyun, Rahman ma a turmi na huɗu ya shimfiɗe shi, kuma ya yi ritaya babu wani mutum da ya kara da shi bai doke shi ba. Joshua ya rama a kan Ruiz kaɗai.